Ba Haka Ba Ne, Baffa

Intabiyun farko da na yi da babban kamfanin nan na ƙasar waje, ba rashin sani ne ya kayar da ni ba. Ladabi ne ya kayar da ni, kuma har yau in na tuna sai na yi tsaki.

A lokacin ina gidanmu a Tiga, ina yi wa wani ƙaramin kamfani na Kano aiki daga ɗakina. Manhajar da makarantu ke fitar da sakamakon jarrabawa muke rubutawa. Ana nan sai maigidan ya ce daga bazara mai zuwa kowa ya tattaro ya koma ofis. Ni kuwa ba ni da wanda zan bar wa Umma. Hawan jini ya sa ta a gaba, ni kaɗai gare ta, kuma ko da wasa aka ambaci zaman birni sai ta ɗaure fuska. Aikin babban kamfanin nan ana yin sa ne daga duk inda mutum yake. In na samu, ina gida, ina kusa da ita. In ban samu ba, sai dai in zaɓi ɗaya, ko aiki ko Umma.

Irin waɗannan kamfanoni ba takardar makaranta suke tsayawa dubawa ba. Matsala ake ba ka, a ce ka rubuta yadda kwamfuta za ta warware ta cikin minti arba'in da biyar, wani injiniyansu yana kallon allonka daga can, kuna magana. Wata huɗu na yi ina warware irin waɗannan matsaloli, daga idar da sallar asuba har rana ta take. Sai da ta kai ko tsintar wake nake, ina tunanin ta wace hanya za a fi saurin gamawa. Na shiga intabiyun nan ina jin kaina, ba zan ɓoye ba.

Da kyamara ta buɗe sai na ga dattijo. Gemunsa fari tas, da tabarau, ya girmi mahaifina da a ce yana raye. Ban san lokacin da na gyara mayafi na sunkuyar da kai ba.

Tambayar ma mai sauƙi ce. Ga jerin lambobi, a nemo guda biyu da in an haɗa su za su ba da wata lamba, a faɗi a wane gurbi kowacce take a cikin jerin. Na san ta kamar yadda na san hanyar bakin ruwa. Na fara rubutu ke nan sai dattijon ya ce, a ganinsa, da na fara jera lambobin daga ƙarama zuwa babba da aikin ya fi sauƙi. Nan take na ga ramin. In na jera su, kowacce ta bar gurbinta na asali, kuma gurbin nan shi ake tambaya. Na gani sarai. Amma babba ne ya yi magana. Sai na ji bakina ya ce, "To, ranka ya daɗe, haka ne." Na goge abin da na fara, na bi shawararsa, ina rubutu ina kallon aikina yana lalacewa a hannuna. Da aka gwada, amsa ta fito ba daidai ba. Lokaci ya ƙare ina 'yan kame-kame.

Bayan kwana uku matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta kira ni. Ta ce dattijon ya rubuta cewa na san aiki, don ya ga abin da na fara rubutawa kafin ya sa baki. Abin da ya hana shi amincewa da ni, ya ga alamar na gane shawarar ba ta da kyau amma na yi shiru na bi. Ta ce a wurinsu wanda zai ga kuskure ya yi shiru ya fi wanda bai gani ba haɗari. Za su ba ni dama in sake bayan wata shida, sau ɗaya. Har yau ban sani ba ko tarko dattijon ya ɗana mini, ko shi ma suɓutar baki ya yi.

Na yi fushi, fushi mai tsanani, kuma na rasa wanda zan yi wa. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa in babba ya ce abu, ko ka ga ba haka ba ne, sai ka haɗiye, ka nemi wani ya je ya faɗa masa a gefe. An yabe ni a kan wannan hali a gidajen biki da gidajen suna. Yau ga shi ya ci ni. Kwana biyu ina tura kwanon tuwo gefe, Umma ta gaji ta kai ƙarata wurin Baffa.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu tun ina 'yar shekara tara. Yana cikin waɗanda aka taso daga tsohon garinmu lokacin da ruwan dam ya cinye shi. Ya yi su da kwalekwale har gwiwoyinsa suka ƙi, sannan ya koma noman rani, albasa da tumatir. Mutum ne da ko 'ya'yansa masu gemu ba sa zama a tabarma ɗaya da shi. Ya aika in same shi a lambu bayan la'asar. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari ina kallon ƙasa.

Ya saurare ni har na gama. Can sai ya ce, "Shekarar da aka taso mu, ina ɗan shekara goma sha shida. Wani kawunmu ne ya nuna inda za a kafa gidanmu. Ni kuwa na yi kiwon awaki a wurin, na san duk damina ruwa yana kwanciya a nan. Na buɗe baki, na dube shi, na rufe. Watan Agusta na farko ɗakin tsohuwarmu ya zauna, rumbu biyu suka jiƙe. Dawar da muka ɗauko daga tsohon gari a ka, ita ta ruɓe." Ya karkaɗe ƙasa daga tafinsa. "Daga gobe ki riƙa zuwa nan bayan la'asar. Zan faɗi abin da ba haka ba. Ke kuma ki gyara mini."

Na ce, "Baffa, ai ba zan iya ba."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa za ki zo."

Washegari Alhamis ce. Ina gama gaisuwa ya ce, "Yau Talata." Na yi ta murza bakin mayafi. Da ƙyar na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, ni dai kamar na ɗauka Alhamis ce, amma wataƙila ni ce na ruɗe." Ya ce, "To kin ruɗe. Talata ce. Tashi ki tafi." Na tashi na tafi, ina tafe ina zagin kaina a zuci.

Haka muka yi mako guda. Ya nuna fangali goma sha biyu ya ce tara ne. Ya ɗaga tumatir ya ce gauta ne. Ya ce Doguwa ta fi Dangora kusa da mu. Kullum sai na kewaya, na ba da haƙuri sau uku, na bar masa ƙofar da zai fita, shi kuwa ya bi ta ƙofar ya fice. A rana ta takwas ya ɗaure fuska ya ce ya gaji da ɓata lokacinsa. Ba ya son "kamar", ba ya son "wataƙila". In ce ba haka ba ne, in kawo dalili, kuma in yi hakan ina kallon fuskarsa. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya. Shekara ashirin ina hannunsa, sai ranar na san yana da ɗan tabo a gefen girarsa ta hagu.

Ya sake nuna fangalin nan ya ce, "Tara ne."

Na ce, "Ba haka ba ne, Baffa. Goma sha biyu ne. Layi uku ne, kowane layi huɗu."

Ban sauke idona daga fuskarsa ba. Ya daka mini tsawa, ya ce ni zan koya masa ƙirgen lambunsa? Saura kaɗan in ce a yi haƙuri. Na cije na ce mu ƙirga tare. Sai ya yi murmushi ya miƙo mini tumatir biyu, ya ce in kai wa Umma gauta.

Ba a daɗe ba magana ta fita. Wata maƙwabciyarmu ta wuce ta bakin lambun da itace a ka, ta ji ni ina ce wa Baffa ba haka ba ne, da ƙarfi kuma. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Umma ta tare ni a tsakar gida, ranta a ɓace. "Bokon naki ne ya kai ki ga musu da yayan ubanki? So kike a nuna ni da baki a garin nan?" Ina cikin bayani sai ga sallamar Baffa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni na sa ta. Kuma gobe ma za ta zo." Umma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Duk wanda ya kalle ta ya san ba ta yarda ba ko kaɗan. Amma abin da ta ce shi ne, "To, Yaya, haka ne. Allah ya sa a dace." Na dube ta, ta harare ni, dariya ta kusa kashe ni a ciki.

Da na fara sabawa, sai abin ya hau mini kai. Na koma duk abin da Baffa ya faɗa sai na nemi inda zan soke shi. Wata rana yana shirin ban-ruwa ya ce kullum daga fangalin ƙarshe ake farawa, a riƙa dawowa baya har a iso bakin inji. Na ce ba haka ba ne, ai na kusa ya kamata a fara ba wa, ruwa ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Har da dalilai na kawo, ina ji da kaina. Bai yi musu ba. Ya miƙo mini fartanya, ya tayar da inji, ya koma inuwa ya zauna. Kafin in kai fangali na biyar na taka jiƙaƙƙiyar ƙasa na rusa gefen hanyar ruwa a wuri biyu, ruwa ya ɓalle ya bi inda ya ga dama, takalmina ɗaya ya nutse a laka. Baffa yana zaune yana ɓare gyaɗa.

Da na fito, zane duk taɓo, ya ce, "Saura ɗaya rabin karatun. Faɗi."

Na ce, "Na yi kuskure, Baffa. Kai ne da gaskiya."

Ya ce, "Shi ma a fuskata za ki faɗa, ba wa ƙasa ba."

Daga nan muka shiga ainihin aikin. Da safe in warware matsaloli a kwamfuta, da yamma in kawo masa ɗaya. Sai in jera albasa manya da ƙanana a kan buhu a matsayin lambobi, in yi masa bayanin abin da ake nema, in riƙa faɗin tunanina a fili kamar yadda ake so a intabiyu. Baffa bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ya riƙe abu ɗaya, shawarar da dattijon can ya ba ni. Kowace matsala na kawo, sai ya bari na yi nisa, sannan ya gyara murya ya ce, "A ganina, ki fara jera su daga ƙarama zuwa babba." Abin haushin, wani lokaci jerawar ita ce daidai. Don haka ba dama in ce a'a da ka, ba dama in ce to da ka. Dole kowace rana in tsaya in duba, sannan in faɗa masa ko ya yi daidai ko bai yi ba, da dalili, cikin Hausar da manomin albasa zai gane. In bai gane ba sai ya ce laifina ne, in sake. Ban taɓa samun malamin da ya wahalar da ni kamarsa ba.

Wata shida suka cika ana tsakiyar zafi. Wannan karon mutum huɗu zan gani a rana ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar. Na tabbatar batirin sola ya cika, na sayi data a layi biyu. Umma, wadda har lokacin ba ta yarda da karatun lambu ba, ita ta kai awaki gidan maƙwabta, ta kife zakara da kwando, ta ɗauko kujera ta zauna a ƙofar ɗakina da carbi don kada kowa ya yi sallama da ƙarfi.

Na farko da ta biyu matasa ne, sa'o'ina. Muka yi aiki lafiya, har da raha. Na ukun na buɗe kyamara gabana ya faɗi. Ba dattijon farko ba ne, amma shi ma kansa fari fat, kuma irin mutanen nan ne da ba sa murmushi. Ya ba ni jerin haruffa, ya ce in nemo yanki mafi tsawo da babu harafin da ya maimaitu a cikinsa. Na yi bayani, na rubuta. Dabarar ita ce ka sa yatsa biyu a kan jerin, na gaba yana tafiya, in ya ci karo da maimaici sai na baya ya matso. Aka gwada, amsa ta fito daidai.

Sai ya ce aikin ya yi, amma zai yi nauyi. A yadda ya karanta, kowane taku ɗaya na yatsan gaba, na baya sai ya sake bin jerin tun daga farko, don haka in haruffan suka kai miliyoyi kwamfuta za ta kwana tana lissafi. Ya ce in sake wata hanya. Ya faɗa ne yadda manya ke faɗin abin da suka gama yanke hukunci a kai.

Wallahi "to, ranka ya daɗe" ta riga ta iso bakina. Kaina ya fara sunkuyawa da kansa. Hannuna har ya kai kan maɓallin gogewa. Sai na tsaya, na sake karanta layukan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, don na tuna ranar da na nutse a laka. Na duba sau biyu. Ba ni ce na yi kuskure ba.

Na ɗaga kai na kalli kyamara. Na ce masa ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilina. Yatsan baya ba ya komawa farko ko sau ɗaya, gaba kawai yake matsawa daga inda ya tsaya. Saboda haka kowane harafi sau biyu kacal ake taɓa shi, na gaba ya taɓa, na baya ya taɓa. Na nuna masa layin da ke tabbatar da haka, na ce in ya yarda mu ɗauki gajeren misali mu bi shi tare.

Ya sake duban layin. Ina jin ƙarar carbin Umma ta bayan ƙofa. Ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya cire tabarau, ya mayar. Sannan ya ce, "Kin yi gaskiya. Ni ne na karanta layin nan ba daidai ba. Mu ci gaba." Shi ke nan. Bai ji haushi ba, bai ma ɗauke shi wani abu ba. Muka ci gaba har muka gama. Na huɗun ban ma iya tuna abin da ya tambaye ni ba.

Kwana tara na yi ina jira. A rana ta tara ina wanki da hantsi waya ta yi ƙara, na goge hannu a zane na duba. Sun ɗauke ni. Ban yi ihu ba, ban yi guɗa ba. Zama na yi daɓas a ƙasa kusa da bahon wanki, na ji wani nauyi da na shekara ina ɗauke da shi ya sauka daga kafaɗuna. Umma ta fito ta ga fuskata, ta tambaya, "Kano, ko nan?" Na ce, "Nan, Umma." Ta juya ta shiga ɗaki, na ji ta tana alhamdulillahi tana jan hanci.

Ban iya jiran la'asar ba. Na sami Baffa a inuwar mangwaron bakin lambu, shi da abokansa biyu, tsofaffin da aka taso su tare daga tsohon gari. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗa masa. Tsofaffin suka yi ta sa albarka. Ɗayansu ya ce ai sun ji labarin makarantar lambu, lallai Baffa ya yi ƙoƙari.

Baffa ya kaɗa hannu. "Ni me na yi? Ban yi komai ba. Ni da ko kunna abin ban iya ba. Yin Allah ne, sai ƙoƙarinta."

Irin maganar da ake amsawa da "haka ne" ce, a shafa addu'a a tashi. Ga kuma baƙi a zaune. Na ɗaga kai na nemi tabon nan na gefen girarsa.

"Ba haka ba ne, Baffa."

Tsofaffin biyu suka dubi juna. Baffa ya ɗaure fuska kamar yadda ya saba. "Dalili?"

Na ce, "Yin Allah ne, wannan gaskiya ne. Amma ƙoƙarin nan ina da shi tun karon farko, kuma na faɗi. Abin da ya ƙaru tsakanin wancan da wannan, kai ne. Wata shida kana barin aikinka kana kiran tumatir gauta. Ka bari aka yi da kai a gari, ana cewa 'yar ƙaninka ta raina ka. Ka ba ni labarin dawar nan da ta ruɓe, wanda na san ko 'ya'yanka ba ka taɓa ba su ba. In kana da ja, mu ƙirga tare."

Ya buɗe baki zai yi tsawar da ya saba, ba ta fito ba. Mutumin da ya yi wata shida yana hana ni kallon ƙasa, sai ga shi ya sunkuyar da kai yana tsintar ɓawon gyaɗa daga tabarma, ɗaya bayan ɗaya.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To. Na yi kuskure."

Na ce, "A fuskata, Baffa."

Ya ɗago. Idanunsa sun cika da ruwa, kuma bai kawar da su ba.